Ƙarin fitila a motar daji: halojin, zenon ko LED, wacce za ta fishe ka a hanyoyinmu?

Duk mai Hilux ko Land Cruiser da yake barin kwalta da dare ya shiga jan ƙasa, ko daga Garwa zuwa Poli da Colire ne, ko daga Marwa zuwa ƙauyukan bakin Logon, ya san fitilar da mota ta zo da ita daga kamfani bata isa ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 duk daƙiƙa ɗaya, kuma ƙaramar fitila, kod kenan, abin da take nuna maka bai wuce 'yan mita hamsin zuwa saba'in ba, kaga kafin ka hango jaki ko amalanken shanu da ba ko tsumman ja a bayansa har ka ɗaga ƙafa ka taka birki ai lissafi ya ƙare. Sai mutum ya je wajen masu kayan mota ya tarar an jera masa kala-kala, wannan doguwar sanda ce ta LED, wannan zagayayya ce mai ƙwan halojin, wancan zenon, kowa yana rantsuwa tasa ce ke mayar da dare rana.

Kafin ka cire ko sefa ɗaya, duba fitilun motar na asali. Da yawa robar gabansu ta yi jawur saboda rana, kwanon ciki ya dushe, ƙwan H4 ɗin ya tsufa, wayar ma ta ci tsatsa wuta bata isowa cikakkiya. Wani gogewa da sabon ƙwai mai kyau da saiti kawai yake buƙata. In an yi wannan har yanzu da saura, to sai a zo maganar ƙari.

Abin da nake aunawa da shi

Na farko kuma babba a wajena shine ƙura, don ita ce ta bambanta mu da ƙasashen da ake ƙera fitilun nan. Daga wajen Nuwamba har zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Chadi ta rufe mu tun daga Injamena da Kusuri har Garwa, ga kuma lokacin ne kamiyoyin auduga ke kai-komo a jan ƙasa, in ka shiga bayan ɗaya sai ka yi ta shan buji. Haske in ya bugi ƙura dawowa yake cikin idonka, kuma yadda fitila ta kai ƙarfi da fari, yadda ta kai kusa da layin idonka, haka bangon farin da zai tsaya gabanka zai kai kauri. Saboda haka fitilar da ta fi kowacce haske a bakin shago tana iya zama wadda ta fi makantar da kai a watan Janairu. Yawancin masu saya basa kawo wannan a ransu sam.

Na biyu siffar hasken. Akwai mai tsini da ke harba haske nesa a siriri, direbobi na ce mata lon-porte, akwai mai baza haske gefe da gefe amma bata nisa, akwai wadda aka haɗa biyun, sai kuma ta hazo wadda haskenta faffaɗa ne a kwance an yanke samansa don kar ya tashi sama. Adadin lumen da aka rubuta a kwali yana gaya maka yawan hasken da ke fita ne kawai, baya gaya maka ina yake zuwa. Kamfanoni na kirki suna rubuta nisan da fitila ke kai lukus 1, lukus kuwa ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu ne, wannan ya fi amfani.

Sai wutar da take ci, lissafin mai sauƙi ne, wat ka raba da bolt ya baka amp. Sai juriya, gargada da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 da ruwan mayo, rafi kenan, in damina ta zauna. Sai tambayar in ta mutu a daji wa zai gyara. Sai kuɗi, wanda bazan saka lamba ba don yau da gobe canzawa yake, ya danganta ko kayan ta Mubi ko Gamboru suka shigo da canjin naira a kansu, ko daga Duwala ne, ko odar Dubai. Na ƙarshe haɗari, gobarar waya, mutuwar batir, da makantar da na gabanka.

Halojin

Ita ce tsohuwar hannu, zagayayyar nan irin su Hella da Cibié da aka saba gani a gaban tsofaffin motoci, yawanci da ƙwan H3 na wat 55 ko na 100. Haskenta ja-ja ne, wajen kelbin 3200 a ma'aunin launin haske, kuma wannan launin yana yi wa ido daɗi, ramuka da tudu suna fitowa da inuwarsu, a ƙura ma bata dawo maka da farin bango sosai. Ita ce mafi araha wajen saye in ka cire jabun LED, kuma ƙwanta zaka samu ko a ƙaramin gari, ka saka biyu a aljihun mota shikenan, sukudireba ɗaya ya isa canzawa, sai dai kar ka taɓa gilashin ƙwan da yatsa don maiƙon hannu na sa shi saurin fashewa.

Matsalarta ci. Guda biyu na wat 55 suna jan kusan amp 9, guda biyu na wat 100 kusan amp 17, in ka jera huɗu na 100 ka haura amp 30 kenan, ga AC ga fankar lagireto ga fitilun asali, tsohuwar altaneta mai amp 60 ko 70 baza ta ji daɗi ba musamman in mota na tafiyar hawainiya a cikin yashi. Kuma ƙwan 'yan ɗaruruwan awoyi yake yi, gargada na tsinka zaren ciki tun kafin lokacinsa. Gilashin yana zafi sosai, ka afka ruwan sanyi da shi a haka yana iya tsagewa, dutse ma in kamiyo ya harbo yana fasa shi in ba murfi.

Zenon

Wannan ba zare a cikin ƙwanta, tartsatsin wuta ne ke tsalle tsakanin ƙarafa biyu cikin gas, kuma akwai ɗan akwati da ake ce wa balas wanda ke ɗaga wuta ta haura bolt 20,000 lokacin kunnawa. Ta wat 35 tana bada wajen lumen 3,000, wato ninki biyu na halojin mai wat 55 alhali cinta bai kai nata ba, kuma wajen harba haske nesa a miƙaƙƙiyar hanya har yau zenon mai babban kwano ba wasa bace. Wanda ke bin fili fetal irin na hanyar Abeche ko arewa wajen Faya zai so ta.

Amma ni gaskiya bana ba mutum shawararta yanzu sai in dama yana da ita. Bata kamawa nan take, sai ta ɗauki 'yan daƙiƙu tana ɗumi kafin ta cika haske, kuma bata son kunna-kashe, to a hanyar da kowane minti ga babur ga mota kana kashewa kana kunnawa ƙwan da balas ɗin ne zasu gaji. In balas ya sha ruwa ko ya ƙone a ƙauye ba mai gyara maka, sai ka dawo birni, a birnin ma tunda LED ta cika kasuwa kayanta sun fara wuyar samu. Wani abu kuma da nake roƙon mutane su bari, ɗaukar ƙwan zenon ko na LED a cusa cikin kwanon da aka ƙera don halojin. Kwanon an auna shi ne da inda zaren halojin yake zama, in tushen hasken ya goce ko kaɗan sai haske ya watse sama, kai baka ƙaru ba na gabanka ya makance.

Sandar LED

Ita ce ta yayi, kowa so yake a ɗora masa doguwa a saman gilashi mota ta yi kwarjini. Alherinta a fili yake, tana kamawa nan take, bata da zaren da gargada zata tsinka, cinta kaɗan ne in ka gwada da hasken da take bayarwa, da yawansu kuma suna karɓar wuta daga bolt 10 har 30 don haka ko motarka 12 ce ko 24 duk ɗaya. Kamfanoni na rubuta awa 30,000 zuwa 50,000, wannan na ƙwayoyin LED ɗin ne a yanayi mai kyau, abin da ke fara mutuwa a zahiri shine ɗan allon lantarkin ciki, ko ruwa ya shiga ta gefen roba ko ta inda waya ta fito.

A nan ne jabu ya fi yawa. Zaka ga kwali an rubuta wat 300 ko 500 a kan sandar da in ka ɗaga ta kamar ba komai a hannunka. LED gabanta ba zafi amma bayanta na zafi, kuma haƙarƙarin alminiyon da ke baya shi ke kwashe zafin, in ba nauyi to ba alminiyon kirki, a zafin Kusuri kuwa zata dushe ko wasu ƙwayoyin su mutu layi-layi. Gwajin mai sauƙi ne, ka sa mai gyaran wuta ya haɗa ta da batir ya auna amp da mita a gabanka. Mai wat 300 ta gaskiya ya kamata ta ja wajen amp 25 a bolt 12, in kaga ta ja 6 to abin da ke hannunka bai wuce wat 70 da 'yan kai ba, ka biya kuɗin 70 ɗin ko ka ajiye. Duba kuma lambar IP, IP67 na nufin ƙura bata shiga kuma ta jure nutsewa a ruwa mita 1 na minti 30, IP69K kuma ta jure feshin injin wanki mai ƙarfi, duk da dai mai jabu shima ya iya buga lambar, don haka ka duba robar da notinan da idonka. Masu araha kuma suna sa rediyo shuuu da zarar ka kunna.

Ko ta gasken ce, farinta wajen kelbin 6000 ne, fari mai ɗan shuɗi, a dare mai tsabta abin sha'awa, a hazo kuwa bala'i, balle in tana saman rufi inda hasken ke ratsa ƙurar da ke daidai gaban gilashinka ya kuma bugi kapo ya dawo, farar mota ta fi shan wannan, kuma yawancin motocinmu farare ne. Sannan tana cika kusa da kai da haske har idonka ya tsuke, nesa kuma ta koma duhu, kana jin kamar kana gani sosai alhali saniyar da ke can gaba baka hango ta ba. In ta mutu yawanci jefarwa ake.

Zagayayyun LED da ƙananan masu murabba'i

A ganina nan ne dabara take. Maimakon sanda ɗaya mai yin komai rabi-rabi, sai ka raba aikin. Manyan zagayayyu biyu masu inci 7 ko 9 a kan bamba don nesa, irin waɗanda Hella, Osram, ARB ko Lightforce ke yi in aljihu ya kai, sai ƙanana biyu masu ruwan ɗorawa a ƙasa can don ƙura da ruwan sama, kowanne da makunninsa. Ruwan ɗorawar ba tsafi bane, bata huda ƙura, abin da take yi shine ta cire shuɗin da ke damun ido in haske ya dawo, kuma zamanta a ƙasa ya sa abin da ke dawowa baya shigo maka kai tsaye. Waɗanda suka tuƙa tsofaffin Fijo zasu tuna fitilunsu rawaya ne, Faransa ta wajabta hakan har zuwa 1993. In ɗaya ta mutu saura na aiki, in an sace ɗaya ma asarar da sauƙi. Masu suna suna da tsada ƙwarai, ƙananan kuwa ko masu matsakaicin kuɗi suna yin aiki in ka tace.

| Iri | Kuɗin saye | Cin wuta | Gargada da ruwa | A ƙura | Gyara a daji |
|---|---|---|---|---|---|
| Halojin | araha | mai yawa | ƙwai na tsinkewa | da kyau | mai sauƙi |
| Zenon | matsakaici zuwa tsada | kaɗan, sai fizgar farko | balas na tsoron ruwa | matsakaici | da wuya |
| Sandar LED | daga arahar banza zuwa tsada | matsakaici | ta gaske na jurewa | mara kyau, balle a rufi | babu |
| Zagayayyun LED na nesa | tsada | matsakaici | suna jurewa | sai an kashe | babu, amma ɗaya na iya saura |
| Ƙananan ruwan ɗorawa | araha zuwa matsakaici | kaɗan | suna jurewa | sun fi duka | a canza ɗaya |

Ɗaurawa

Fitilar kirki da wayarin banza gara ma ba a saka ba, motoci nawa suka ƙone a kan wannan. Abin da wasu yara a gareji ke yi shine su feɗe wayar babbar fitila su murɗa sabuwar a kai su naɗe da salatif, wato duk amp ɗin nan ya bi ta siririyar waya da makunnin sitiyari da ba a yi su don haka ba. Ka tsaya a kai a saka rele, ɗan makunnin lantarki da ƙaramar wuta ke kunnawa shi kuma ya ɗauki babbar. Ƙafafunsa huɗu ne kuma lambobin na rubuce a jiki, 30 na zuwa batir ta cikin fis, 87 na zuwa fitilun, 85 da 86 su ne na umarni da ke zuwa makunni da mas, wato jikin ƙarfen mota. Fis ɗin ya zauna kusa da kan batir, tazarar da bata wuce taƙi ɗaya ba, don duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba mai kare ta, kuma girmansa ya ɗan ɗara abin da fitilun ke ja kaɗan, in suna jan 15 a saka na 20, ba wai a naɗa wayar tagulla a gurbinsa ba in ya ƙone. Wayar wuta mai kauri, murabba'in milimita 2.5 ga ƙananan kaya, 4 in ci ya yi yawa ko hanyar waya ta yi tsawo zuwa rufi, kuma a kankare bakinta a gani, akwai wadda alminiyo ne aka shafa wa ruwan tagulla. Duk inda zata ratsa ƙarfe a saka roba, a nisanta ta da salansa, mas kuma a kankare fenti a ɗaure a ƙarfe tsirara.

Fitilun nesa a ɗauko umarninsu daga far, wato hasken nesa na fitilar motar ta asali, yadda da ka sauke zuwa kod zasu mutu tare, ba sai kana laluben makunni ba alhali ɗan babur na tahowa ido rufe. Nan akwai tarko ga masu Toyota, Hilux da Land Cruiser da yawa ta ɓangaren mas suke kunna babbar fitila, saboda haka in aka haɗa rele yadda aka saba sai kaga ƙarin ta ƙi mutuwa ko tana kamawa a juye, maganin shine a haɗa 85 da 86 tsakanin wayoyin far ɗin biyu a bayan ƙwai, mai gyaran da ya san aikinsa zai gwada da fitilar gwaji kafin ya yanka komai. A tabbatar kuma motar bolt nawa ce, wasu tsofaffin Land Cruiser na gazuwal 24 ne, amma ganin batir biyu kaɗai baya nuna haka, a auna. In 24 ce to rele da ƙwan halojin ma sai na 24. Kar kuma a ja wuta daga batir ɗaya cikin biyun, zai riga ɗan'uwansa mutuwa ya ja shi.

Wajen zama, mai walda ya yi ƙafa mai kauri, in siririya ce haske zai yi ta rawa a gargada har kanka ya yi ciwo daga baya ta karye. Noti mai roba a ciki, a sake ɗaurewa bayan tafiyar farko, in motar na kwana waje a ɗan ɗiga walda a kan notin saboda masu hannu. Kar a jera manyan fitilu su toshe gaban lagireto, wanda ya taɓa hawan dutsen Mbe zuwa Ngaundare da lodi ya san allurar zafi bata buƙatar taimako. In dole sai sanda a rufi, a ja ta baya kaɗan yadda bakin rufin zai tare hasken daga kapo. Saiti kuma da dare ake yi, a fili mai lebur mota na fuskantar bango da irin lodin da ta saba ɗauka, don pikap in ta sha buhuna baya na zaunawa gaba ya ɗaga, na nesa su miƙe daidai, na hazo su ɗan sunkuya. A cikin gari da kan babbar hanya mai cunkoso a kashe, in da murfi a rufe, ka rage wa kanka dogon zance da jandarma a shinge, masu tambarin E cikin da'ira, alamar an tantance su, kuma sun fi sauƙin karewa a wajen bizit, wato binciken lafiyar mota.

Wa ya dace da wacce

In kai ɗan kasuwa ne mai bin kasuwannin ƙauye da tsohuwar Hilux, kana dawowa bayan isha a bayan kamiyoyi, fara da ƙanana biyu masu ruwan ɗorawa a ƙasa, in kuɗi ya ragu ka ƙara halojin biyu na wat 55, kar ka kai 100 sai ka san ƙarfin altanetarka. In doguwar tafiya kake a fili, Injamena zuwa Mongo da Abeche ko cikin sahara, zagayayyun LED biyu na nesa masu suna su ne abin saye, da ruwan ɗorawa a ƙasa don ranar da iska ta taso, wanda kuma yake da zenon mai aiki ya bar abinsa ya nemi balas ɗaya ya ajiye a mota. Mai shiga gona da rugage a hankali, cikin karal, ƙasar laka kenan, da damina ko tsallaka mayo, nisa bai dame shi ba, gefe yake son gani, gajeriyar sanda mai baza haske a kan bamba ta ishe shi da ƙarama ɗaya a baya don ribas da sauke kaya, amma ta bayan a saka mata makunni mai ɗan haske a ciki kar a manta da ita a kunne. Motar asibiti ko ta ƙungiya da direbobi da yawa ke karɓa-karɓa, LED mai kyau da aka ɗaure da far, don ba kowa zai tuna ya kashe ba. Alhajin da motarsa daga gida sai kanti sai Garwa zuwa Marwa a kwalta kuwa, a goge masa fitilun asali a saka ƙwai mai kyau a saita, doguwar sandar rufin nan ya bar wa mai shago kayarsa.